Fijo 504 mai mutuwa da rana tsaka: nazarin gyaran hanyar mai da kuloci a Garwa

Motar Fijo 504 ce doguwa, mai layin kujeru uku, irin wadda ake ɗibar fasinja da ita tsakanin Garwa da Gidar a arewacin Kamaru. Injinta na fetur ne mai silinda huɗu, wanda kamfanin ya yi wa lamba XN1, girmansa cc 1971, yana zaune a karkace digiri 45. Kafireta Solex ce mai maƙogwaro biyu, giya huɗu gaba. Samfurin 504 ya fito a Faransa a 1968, aka ci gaba da haɗa shi a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, shi ya sa kayan gyaransa ba sa wuyar samu a arewacin Kamaru, sai dai a yi maganar nagari da jabu.

An kawo ta wani gareji a unguwar Yalwa cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa kan haura digiri 40, da ƙorafi biyu.

Na farko: da safe bugu ɗaya take tashi, ta tafi sumul har a wuce garin Pitowa. Amma da rana ta take, ga lodi, ga ɗan hawa, sai ta soma fizga. A taka totur ta ƙi amsawa, ta yi tari ta kafireta, ta mutu. Direba ya buɗe bonet, ya jiƙa tsumma ya ɗora wa famfon mai, fasinja su nemi inuwa, bayan minti 15 ko 20 ta tashi kamar ba ita ba. Na biyu: kuloci. Sai an taka sau biyu ko uku kafin giya ta shiga, ribas kuwa sai da gurnani. Idan aka tsaya a cunkoson bakin kasuwa da giya ɗaya a ciki, ƙafa a kan kuloci, motar takan soma rarrafe da kanta.

Kafin ta iso nan an wanke kafireta sau uku cikin wata biyu. An sake fulogi, an sake kontak da kondensa, an sake kwayil. Man birki kuma kowane mako sai an ƙara.

"Malam, a sake kafiretar nan kawai kowa ya huta," in ji mai motar.

"Alhaji, a yi haƙuri in auna tukuna. In ita ce ai ba za ta gudu ba," in ji makanikin.

Raba laifin wuta da na mai

Matsalar da sai mota ta yi zafi take fitowa ba a kama ta a gareji da hantsi. An jira ƙarfe ɗaya na rana, aka ɗora buhuna a baya maimakon fasinja, aka kama hanyar Pitowa. Da ta mutu, abu uku aka duba nan take tun ba ta huce ba.

An zare wayar tsakiya ta dilko (mai rarraba wuta ga fulogi), aka riƙe ta kusa da jikin inji, aka buga: wuta shuɗiya, tana tsallake tazarar milimita 7 zuwa 8. Ke nan kwayil da kontak sun fita. Sai aka cire murfin matatar iska, aka leƙa maƙogwaron kafireta ana jan totur da hannu. Lafiyayyar kafireta mai mai a cikinta takan feso siririn fetur duk sa'ad da aka ja. Wannan ko ɗigo. Kwanon kafireta, inda mai ke taruwa, a bushe yake, kuma kafireta ba ta ƙirƙirar mai, abin da aka kawo mata shi take rabawa. Wata biyu an bar jaki ana dukan taiki.

Na uku, an kwance murfin tanki a hankali ana saurare. Idan hanyar shaƙar iska ta tanki ta toshe, za a ji tsotso kamar an buɗe kwalbar lemo. Ba a ji komai ba, wannan zargin ma ya faɗi. Sai dai robar murfin ta tsage gida uku, kuma bakin tankin duk jar ƙura ce.

A gareji aka koma awo. An cire mayin batir (wayar da ke da alamar −) yayin kwance tiyo, aka ajiye bokitin yashi kusa, aka sa mai shayi ya matsar da garwashinsa can nesa. An zare tiyon da ke shiga kafireta aka zura shi cikin farar robar ruwa, aka tada inji a silo, wato ba a taka totur ba, da ɗan man da ke kwano, aka ƙirga daƙiƙa 30. Abin da ya taru bai wuce mililita 100 ba, rabinsa kumfa. Lissafin ba wuya: inji irin wannan, in an take shi har ƙasa da lodi, yakan sha kusan lita 28 a awa, wato wajen rabin lita a minti. Famfon da ba ya kawo rubu'in lita a rabin minti zai iya riƙe silo da tafiyar cikin gari, amma a kan hawa kwanon zai riƙa raguwa har ya ƙafe.

A nan yawancin mutane kan ce famfo ne, a je a sayo. Ba a yi haka ba. An cire tiyon da ke zuwa daga tanki, aka sa sabo gajere daga bakin famfo zuwa jarkar mai a ƙasa, aka maimaita. Mililita 300 ya kawo, ba kumfa. Geji ya nuna matsin bar 0.22 (bar ma'aunin matsi ne), kuma kafireta irin wannan tsakanin 0.2 da 0.3 take so. An zaro sandar gwada baƙin mai aka sunsuna, babu warin fetur, bai kuma haura alama ba. Wannan dubawar ba a tsallake ta, domin famfon a jikin inji yake, kamshaf ke tura shi, in fatarsa ta huje fetur kan zube kai tsaye cikin baƙin mai ya tsinka shi, inji ya ci kansa ba a sani ba. Famfo dai lafiyarsa ƙalau.

Sai aka mayar da hanyar tanki, aka sa guntun farin tiyo mai nuna ciki dab da famfo. Ƙwayoyin iska ne ke wucewa a jere kamar carbi.

Abin da aka tarar a baya

Abu huɗu ne, kowanne shi kaɗai da motar ta jure, haɗuwarsu ce ta kayar da ita.

Guntun tiyon roba da ke fitowa daga kan tanki ya bushe ya tsattsage, kuma maimakon maɗauri, waya aka murɗa masa, ta yanka shi zagaye. Mutane kan yi mamakin tiyon da ya fashe amma ba ya yoyo. Dalilin shi ne wannan ɓangaren tsotso ake yi a cikinsa, ba turi ba, kuma yana sama da man da ke tanki. Mai ba ya fita ta wurin, iska ce ke shiga.

Bututun ƙarfe da ke bin ƙarƙashin mota ya lotse a wuri ɗaya, da alama wani ya taɓa kafa jak a kansa. Matatar mai da ya kamata a gani kafin famfo babu ita sam. Direba ya ce tana yawan toshewa, wani ya cire ta a hanya ya haɗe da guntun bututu. Gyaran gangar Auzinawa ke nan: toshewarta ita ce shaidar tana aiki, kuma tun daga ranar da aka cire ta dattin ya koma wucewa kafireta, shi ya sa kowane wanki kan ba da sauƙin kwana biyu.

Na huɗu shi ne babba. Da aka zaro bututun tsotso tare da ma'aunin mai daga tanki, 'yar ragar da ke bakinsa ta koma kamar an tsoma ta a kunun kanwa: tsatsa, jar ƙasa, da zare-zaren tsumma sun manne mata, saura 'yar kafa kamar ƙwayar gero.

Yadda wannan ya haɗu da zafin rana shi ne abin da ya kamata a fahimta. Fetur gauraye ne, kuma sassansa marasa nauyi sukan soma tafasa tun wajen digiri 35 zuwa 40. Duk ruwan da aka rage wa matsi kuwa yakan tafasa da wuri. Famfo yana ja da ƙarfi, raga a toshe, bututu a lotse, matsin cikin bututun ya faɗi. Ga kwalta tana huci daga ƙasa, ga zafin inji daga gaba. Sai fetur ya koma tururi kafin ya isa famfo, famfo kuma ruwa aka yi shi ya tura, in ya cika da tururi sai fatarsa ta yi ta bugun banza. Jiƙaƙƙen tsumman direba yana sanyaya famfon, tururi ya koma ruwa, mota ta tashi. Dabarar tana aiki, amma ita ta sa kowa ya ɗauka laifin yana ƙarƙashin bonet.

An tsiyaye tanki cikin jarkoki, aka ɗebi na ƙarshe a farar kwalba aka bar shi ya kwanta minti goma. Ruwa ya zauna a ƙasa kaurin yatsa ɗaya, da jan laka a ƙarƙashinsa. An ɗiga man a farar takarda: fetur tsantsa yakan bushe bai bar komai ba, wannan ya bar ɗan tabon maiƙo, alamar akwai kananzir ko gas a ciki.

Man zuwa-zuwa motar take sha, wato man kwalba da jarka da ake shigowa da shi daga Najeriya. Ba abin mamaki ba ne, domin litar fetur sufa a gidajen man Kamaru ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta koma 840 a Fabrairun 2024, ko da yake cire tallafi a Najeriya a watan Mayun 2023 ya sa man jarka ma ya daina zama ɓagas. A yi adalci, ba duk man jarka ne gurɓatacce ba. Illarsa tana hanyar da yake biyowa: daga duro zuwa jarka, daga jarka zuwa kwalba, a bakin titi cikin ƙura, a tace shi da tsumman da shi ma yake zubar da zare. Akwai kuma ɗabi'ar sayen lita biyar ko goma kullum. Tankin da ke cin kusan lita 60 yakan wuni ya kwana kusan fanko, da damina iska mai laima ta cika shi, dare ya yi ta zama raɓa a bangonsa. Tsatsar daga nan take.

Aikin tanki da bututu

An sauke tanki aka wanke shi da ruwa da omo, aka zuba notuna da ƙananan kusoshi cikin hannu biyu, an ƙirga su kafin a zuba don a tabbatar duk sun fito. Mutum biyu suka yi ta jijjiga shi suna juyawa, ana zubarwa ana sakewa, sau biyar kafin ruwan ya fito fari. An hura shi da injin iska na mai faci, aka shanya shi a rana wuni guda baki a buɗe. Ba a kai shi wurin mai walda ba, kuma bai kamata a kai ba. Tankin da aka zubar wa mai ya fi cikakke haɗari, tururin da ya rage a lungunansa shi ke fashewa. An toshe bakunansa aka hura iska kaɗan, aka shafa kumfar sabulu a ɗinkinsa da gindinsa, babu huji.

Ragar an wanke ta da buroshi, da yake ba ta yage ba aka mayar. An sa sabon fakin a ma'aunin mai, aka sake murfin tanki. Wurin da bututu ya lotse an yanke shi da abin yankan bututu, ba da zarto ba, don garin ƙarfe kada ya shiga, aka haɗa da guntun tiyo da maɗauri bibbiyu a kowane gefe, sannan aka hura dukan bututun daga gaba zuwa baya. Duk tiyon roba an sake shi da na fetur mai zare a jikinsa, milimita 8 a ciki daidai da bakin bututun motar. Farin tiyo na ruwa da ake sayarwa a kasuwa ba ya yi, wata ɗaya fetur zai busar da shi ya zama kamar kara. An sa sabuwar matata mai nuna ciki kafin famfo, kibiyarta tana kallon famfo, an ɗaure ta inda ba ta taɓa inji. An kuma tabbatar kaurin fakin nan da ke raba famfo da zafin jikin inji yana nan, domin wasu kan yar da shi su sa takarda.

Mai motar ya kawo shawarar a sa famfon lantarki. In za a sa, sai mai ƙaramin matsi na kafireta, a kafa shi kusa da tanki, da fis da rile, a kuma haɗa shi yadda zai tsaya in inji ya mutu. Na motocin zamani da ke cika kasuwar gwanjo yana tura wajen bar 3, ya ninka abin da allurar kafireta za ta iya tarewa fiye da sau goma, mai zai yi ambaliya a kan inji mai zafi. A nan dai babu bukata, an bar na asali.

Kafireta ita aka taɓa a ƙarshe. An girgiza fulotarta (abin da ke shawagi a kan man kwano) a kunne, ba motsin mai a ciki. Allurar da ke tare mai ta yi zobe a tsininta, an sake ta da washarta mai kauri ɗaya da tsohuwar, domin kaurin washar yana canza tsayin mai a kwano. Babban jet na maƙogwaron farko ya sha tsokana da waya a wankin baya, raminsa ya zama kamar ƙwai. An sayo mai lamba ɗaya da wadda ke rubuce a jikinsa. Jet da iska ake hura shi, waya tana faɗaɗa shi, mota ta koma zuƙar mai har abada. An sake fatar da ke feso mai, aka ɗaure murfi a hankali ana tsallake sukurori, aka daidaita kontak a milimita 0.40, fulogi a 0.6, silo wajen juyi 850 a minti da inji a ɗumame. Awon kwalba ya ba da mililita 290 daga tanki, ba ƙwayar iska ko ɗaya.

Kuloci, da abin da ya janyo wa birki

Kulocin 504 na mai ne. Akwai famfo na sama da feda ke turawa, masu kayan gyara a Garwa suna ce masa emetar, da na ƙasa a jikin gidan giya, reseftar, wanda ke tura fok (ƙarfe mai baki biyu), fok ya tura boris (zoben da ke danna kuloci), boris ya saki faranti. A wannan motar kofi ɗaya suke sha da birki, sai dai bakin da ke ba kuloci yana sama da na birki. Da gangan aka yi haka, don in yoyo ya faru kuloci ya fara rasa mai, direba ya farga tun birki bai tafi ba.

Alamun biyu wuri biyu suke nunawa. Fedar da sai an yi ta takawa kafin ta kama, iska ce a ciki. Motar da ke rarrafe ana riƙe da feda kuwa, mai ne ke sulalewa ta gefen robar famfon sama ya koma kofi, reseftar ya riƙa ja da baya a hankali. Wannan yoyon ba a ganinsa a waje. An ɗaga darduma ƙarƙashin feda, a jiƙe take, fenti ya kwaile. An ja robar ƙura ta reseftar, mai ya tsiyayo. Duka biyun sun tafi.

Abin da ya fi tada hankali a kofi aka gan shi. Robar murfin ta kumbura ta yi laushi, ta ƙi komawa mazauninta, man kuma baƙi ne da wani ja-ja a samansa. An ɗiba aka zuba a kofin ruwa. Man birki na gaskiya yakan narke cikin ruwa, wannan wani ɓangarensa ya taso sama ya yi idanu kamar man gyaɗa a miya. Da aka matsa wa direba ya ce akwai ranar da mai ya ƙare masa a Figil, wani ɗan'uwansa direba ya ba shi jan man sitiyari ya ƙara, sau biyu aka yi haka.

Robobin birki da kuloci an yi su ne don man DOT 3 ko DOT 4. Duk man da aka samo daga ɗanyen fetur, ko na sitiyari, ko baƙin mai, ko koren LHM na Citroën, yana kumbura su cikin 'yan kwanaki. Da yake kofin ɗaya ne, gubar ta zagaya har birki. Nan kuɗin aikin ya ninka, kuma nan ne babu ragi, domin mota ce mai ɗaukar rayuka. An sake robobin babban famfon birki, da na birkin faifai na gaba, da ƙananan silindojin gangunan baya, da duk tiyoyin roba. An wanke kofi da bututun ƙarfe da sifirit aka hura su suka bushe. Fetur ko kananzir ba sa kusantar wannan aikin, su ne cutar da ake gudu.

Famfon sama da aka buɗe, cikinsa ya yi ramukan tsatsa a ƙasa inda ruwa ke kwanciya. Man birki yana zuƙar laima daga iska, shi ya sa ake sake shi duk shekara biyu: sabon DOT 4 sai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kan sauko wajen 155. Silindar da farce ke maƙalewa a cikinta ba a sa mata sababbin robobi, mako biyu za ta yanke su, samfefa kuma faɗaɗa ta kawai za ta yi. An sake famfon ɗungurungum. Na ƙasa ma haka. An je kasuwa da tsofaffin a hannu aka auna, na sama milimita 19, na ƙasa 28.6, domin akwai masu kama da su a waje da faɗin ciki daban.

Waɗannan lambobin su ke bayyana dalilin da 'yar iska kaɗan ke kashe kuloci. In fistin na sama ya yi tafiyar santimita 3, man da yake turawa bai kai mililita 9 ba, ƙasa da ƙaramin cokali biyu. Fistin na ƙasa ya ninka shi girman fuska fiye da sau biyu, saboda haka tafiyarsa ba ta kai rabi ba, wajen milimita 13. Iska mililita biyu kacal za ta cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan tafiyar, faranti ya ƙi saki sosai, giya ta yi gurnani.

An tarar wani ya yi wa sandar reseftar waldar noti don ta ƙara tsawo. Wannan dabara ta yaɗu, amma ba ta ƙara komai. Yawan man da ya sauko shi ke yanke tafiyar fistin, doguwar sanda sai dai ta tura shi ciki ya fara daga can. In ta yi tsawo har fistin ya dunguri ƙarshe, kuloci zai zauna a ɗan take kullum, faranti ya riƙa sulɓi, boris ya ƙone. An sa sanda mai tsawon asali. An haska fok da tocila ta tagar gidan giya, bai tsage ba, mazauninsa bai cinye ba. An zaunar da reseftar, aka tabbatar zoben ƙarfen da ke riƙe shi ya faɗa raminsa zagaye. Kada a kuskura a taka feda reseftar yana rataye a waje, fistin zai yi tsalle ya fito. A sama kuma an bar ɗan wasa tsakanin sandar feda da fistin, rabin milimita zuwa ɗaya, domin in babu shi 'yar kafar da mai ke komawa kofi ta nan za ta rufe, mai ya yi zafi ya kumbura, kuloci ya soma sulɓi bayan tafiyar awa guda.

Cire iska a kulocin 504 yana ba mutane wuya in suka bi hanyar birki, wato taka, riƙe, buɗe. Bututun daga sama yake gangarowa, iska kuma sama take nema, ana tura ta ƙasa tana dawowa. Daga ƙasa ake turo mai. Bayan an gama birki tsaf an cire masa iska, sai aka sa farin tiyo daga notin cire iska na birkin tayar gaba zuwa na reseftar. An fara cika tiyon da mai kafin a soka shi, aka buɗe notunan biyu rabin juyi, yaron gareji yana taka birki a hankali, ana rufe notin birki kafin ya ɗaga ƙafa don kada iska ta koma. Fedar kuloci tana sama ba a taɓa ta. Mai ya bi ta reseftar ya haura, ƙwayoyin iska suka riƙa fitowa a kofi. Wajen taku goma sha biyu suka ɗauke. Wanda ba ya son taɓa birki zai iya yin haka da sirinji mai mililita 60, sai dai ya riƙa rage kofi kada ya tumbatsa kan fenti. Dukan aikin, da wanki da cikawa, ya ci kwalba uku ta rabin lita ta DOT 4, kowacce a gaban mai motar aka fasa hatiminta.

Tafiyar sandar reseftar da aka auna kafin aiki milimita 6 ce, yanzu ta kai 13. An tada inji, aka taka kuloci, aka ƙirga uku, ribas ta shiga shiru. An sa giya ɗaya aka riƙe feda minti guda cur, motar ba ta motsa ba. An ja birkin hannu aka sa giya uku aka saki kuloci a hankali da ɗan totur, inji ya mutu nan take, alamar faranti yana da sauran rai. Saboda haka ba a sauke gidan giya ba.

Washegari da azahar aka maimaita hanyar Pitowa da buhunan jiya, aka wuce har Figil aka dawo, ba fizga ba tari. An ce a dawo da ita bayan kilomita 500. Da ta dawo an yanka matatar da wuƙa, aka sami garin tsatsa kamar rabin ƙaramin cokali, aka sa sabuwa, aka ba direba wata ya ajiye a aljihun mota tare da kwalbar DOT 4 da ba a fasa ba. Cikin tankin ya riga ya yi ƙuraje, zai ci gaba da zubar da gari, mai motar yana cigiyar wani mai lafiya. Giya ta biyu kuma har yanzu takan ɗan yi ƙara in aka sa ta da gaggawa, domin watannin da aka yi ana cusa ta da kulocin da bai saki ba sun cinye zobenta na tagulla. An bar wannan sai ranar da faranti ya ƙare, a sauke gidan giya a yi su tare.